Bishop Bresillac: Manomin da Ya Yi Shuka Bai Ga Kaka Ba

A ranar 25 ga watan Yuni na kowace shekara, firistocin Ƙungiyar Mishan ta Afirka, waɗanda muka fi sani da Fada-fadan SMA, sukan miƙa hadayar Misa domin tunawa da rasuwar wanda ya kafa ƙungiyarsu, watau Bishop Melchior de Marion Bresillac. Wannan bawan Allah bai taɓa taka ƙasar Nijeriya ba, bai kuwa ga Kogin Kwara da idonsa ba. Makonni shida kaɗai ya yi a gonar da aka ba shi a Afirka, sai mutuwa ta ɗauke shi. Amma mu Katolika na ƙasar Bagudo, da 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka a Segbana da Kandi da Malanbil, idan muka bi salsalar bangaskiyarmu, daga wanda ya yi mana baftisma zuwa wanda ya yi masa shi ma, da yawanmu za mu tarar igiyar ta kai mu har bakin kabarinsa. Saboda haka ya dace mu san ko shi wane ne.

Akwai kuma wani dalili. Sau da yawa maƙwabtanmu sukan tambaye mu, wani lokaci ma 'ya'yan cikinmu ne suke tambayar, me ya sa muke dogara ga Yesu Kristi, alhali ba mu fi kowa arziki ba, ba mu fi kowa lafiya ba, masifa kuma ba ta tsallake ƙofar Kirista ta faɗa ta wani. Amsar da muka koya a katakizim daidai take. Sai dai amsar da mutum ya bayar da ransa ta fi zama a kunne, irinta kuwa muke samu a rayuwar wannan bishop.

An haife shi ranar 2 ga Disamba, 1813, a garin Castelnaudary da ke kudancin Faransa, shi ne ɗan fari a cikin 'ya'ya biyar. Gidansu gidan manya ne, amma juyin juya halin Faransa ya riga ya cinye dukiyar kakanninsa, sai suna ya rage. Mahaifinsa, Gaston, ma'aikaci ne a babbar hanyar ruwa ta jiragen kaya da ta ratsa wannan yanki, shi ne kuma ya koyar da yaron karatu a gida har ya tasa. A 1832 ya shiga makarantar horar da firistoci ta Carcassonne, aka naɗa shi firist ranar 22 ga Disamba, 1838, aka kuma mai da shi garinsu ya zama mataimakin Fada a majami'ar Mika'ilu Mai Tsarki. Ga shi a cikin dangi, ga jama'a suna son wa'azinsa. Duk mai duban al'amarin zai ce ya sami wurin zama ke nan har tsufa.

Shi kuwa zuciyarsa tana can wani wuri. Ya ji kira ya tafi ƙasashen da Bishara ba ta kafu ba. Bishop ɗinsa ya hana shi da farko, sai da ya yi ta roƙo kafin a sake shi. Mahaifinsa ne ƙashin wuya, gama tsohon ya ƙi jin maganar sam. A watan Yuni na 1841 Melchior ya bar gida ba tare da ya yi wa mahaifinsa sallama baki da baki ba, wasiƙa ya bari. Mu da muka tashi a ƙasar da ɗa ba ya tafiya ko kasuwar ƙauye sai da albarkar uba, mun san nauyin wannan abu, ba kuma za mu ce da samarinmu su yi koyi da shi a nan ba. Amma mun san abin da Ubangiji ya faɗa game da wanda ya fi ƙaunar uba ko uwa a kansa, mun kuma san cewa saurayin bai yi haka don raini ba, tsoro yake kada hawayen tsohon su karya masa niyya. Allah kuwa ya sanyaya zuciyar uban, daga baya ya rubuto masa wasiƙa ya sa masa albarka.

A Paris ya shiga ƙungiyar da take aika firistoci ƙasashen Asiya. Kafin ya tashi ya keɓe kansa domin addu'a, ya rubuta alkawuran da ya ɗaukar wa Allah: zai zama ɗan mishan da dukan zuciyarsa, ba zai yi sakaci da wani abin da zai ciyar da aikin Allah gaba ba, ba zai bar zarafin yin wa'azi ya wuce shi ba, zai kuma sa dukan ƙarfinsa wajen horar da firistoci 'yan ƙasa. Wannan na ƙarshe shi ne ya zama masa abin fahariya, shi ne kuma ya zama masa gicciye. Ya shiga jirgin ruwa a watan Afrilu na 1842, ya sauka Pondicherry a kudancin Indiya ranar 24 ga Yuli. Domin mu gane zamanin, a wannan shekara ce Aliyu Babba ya zama Sarkin Musulmi, a shekarar da Bresillac ya rasu kuma, watau 1859, shi ma ya rasu.

Shekara goma sha biyu ya yi a Indiya. Ya koyi harshen Tamil, ya yi aiki a Salem, aka ba shi shugabancin makarantar firistoci ta Pondicherry, sa'an nan ranar 4 ga Oktoba, 1846, aka naɗa shi bishop domin ya kula da yankin Coimbatore, yana da shekara 32 da haihuwa. Da isarsa ya buɗe makarantar firistoci, ko da yake ba shi da kuɗi, ba shi da isassun ma'aikata. Ra'ayinsa a fili yake. A ganinsa ɗan mishan baƙo ne, aikin baƙo kuwa shi ne ya kafa Ikilisiya, ya raini firistoci da bishop-bishop daga cikin mutanen ƙasar, ya miƙa musu ragama, ya ƙara gaba. Yawancin abokan aikinsa ba su ƙi wannan da baki ba, amma kullum sai su ce lokaci bai yi ba tukuna, Indiyawa ba su isa ɗaukar wannan kaya ba. Shi kuwa yana ganin mai faɗin haka alherin Kristi yake rainawa ba da saninsa ba. In jinin Mai Ceto ya isa ya fanshi Ba'indiye, to, Ruhu Mai Tsarki ya isa ya mai da shi firist.

Matsala ta biyu ta fi wannan sarƙaƙiya. Mutanen Indiya sun kasu kashi-kashi bisa ga asali, har wani ba ya cin abinci da wani, ba ya shiga gidansa, ba ya son inuwarsa ta taɓa shi. Wannan al'ada ta biyo masu tuba har cikin majami'a, inda a wurare da yawa ake ware wa na ƙasa wurin zamansu dabam. Tun 1744 Paparoma Benedict na 14 ya yanke hukunci a kan waɗansu al'adun yankin, aka kuma wajabta wa kowane ɗan mishan ya rantse zai bi hukuncin. Amma a aikace kowa da irin sassaucin da yake yi, domin tsoron kada jama'a su watse. Bresillac ya kasa samun kwanciyar rai. Ya rantse a kan abu guda, ga shi yana ganin ana yin wani, shi ne kuma bishop da zai amsa a gaban Allah. Ya roƙi Roma ta ba da hukunci bayyananne wanda kowa zai bi, bai samu ba. Kada mu yi gaggawar yi wa Indiyawa dariya a nan. Mu ma in maganar aure ta taso mukan tona asalin yaro, mu ce kakansa maƙeri ne, ko mahauci, ko bawa, mu hana shi 'yarmu, alhali kwano ɗaya muke karɓar Jikin Kristi ranar Lahadi.

Da rashin jituwa ya yi tsanani tsakaninsa da waɗansu firistocinsa, sai ya tafi Roma da kansa a 1854 ya bayyana al'amarin. An saurare shi da girmamawa, amma ba a sauya kome ba. Ya nemi a sauke shi, a watan Maris na 1855 aka amince. Gaskiya ita ce, mutum ne mai kaifin hankali da gajen haƙuri, abokan aikinsa kuwa ba miyagu ba ne, da yawansu sun tsufa a wannan ƙasa sun mutu a cikinta saboda Bishara. Mai yiwuwa da ya daure ya zauna, da ya ga waɗansu abubuwan da yake so sun tabbata sannu a hankali. Amma ya gwammace ya rasa kujera da ya yi zaman da lamirinsa bai yarda da shi ba. To, ga shi nan, bishop mai shekara 41, ba shi da dayosis, ba shi da garke, yana zaman baƙunci a gidan 'yan zuhudu na Kafucin a Versailles, mutane suna yi masa kallon wanda ya kāsa.

A irin wannan hali ne ake gane abin da mutum ya jingina a kai. Wanda ya dogara ga muƙami, in muƙamin ya tafi sai ya yi ɗaci, ya shiga zagin waɗanda suka kayar da shi. Bresillac bai fita daga biyayya ga Roma ba, bai kuma nemi a ba shi wuri mai daɗi a Faransa don ya huce ba. Abin da ya roƙa shi ne a aike shi wurin mutanen da aka fi yasarwa a Afirka, ko da shi kaɗai ne da abokai biyu ko uku. Wani attajirin Marseille mai suna Regis, wanda yake da gidan ciniki a Wida, a bakin tekun ƙasar Dahome, ya ba shi labarin wannan ƙasa, zuciyarsa kuwa ta kwanta da ita. Dahomen nan ita ce ta ba da sunanta ga ƙasar da yau muke kira Jamhuriyar Benin, maƙwabciyarmu da muke shiga ta Tsamiya. A farkon 1856 ya kai buƙatarsa ofishin Yaɗa Bangaskiya a Roma. Monsinyo Barnabo, wanda a wannan shekara ya zama kadinal kuma shugaban ofishin, ya ba shi shawara mai hikima, cewa mutum ɗaya in ya mutu aikinsa ya mutu tare da shi, gara ya kafa ƙungiya wadda za ta gaje shi.

Haka ya shiga yawon Faransa gari-gari, yana hawa mumbari yana roƙon kuɗi da mutane. Ranar 8 ga Disamba, 1856, ranar idin ɗaukar cikin Budurwa Maryamu marar zunubi, ya hau tudun Fourviere a birnin Liyon tare da abokai shida, suka miƙa kansu da sabuwar ƙungiyar ga Uwar Allah. A cikinsu akwai wani firist mai shekara 30, Augustin Planque, wanda za mu sake jin sunansa. Sai kuma wata jarrabawa ta zo. Roma ta ƙi ba shi Dahome, domin tana tsoron kada Sarki Gezo, wanda ya yi suna wajen yaƙi da cinikin bayi da yanka mutane a bukukuwan sarauta, ya hallaka 'yan mishan. A maimakonta, a 1858, aka ba shi Saliyo, ƙasar da bai roƙa ba. Ya karɓa ba gardama.

Freetown, babban birnin Saliyo, gari ne da Ingila ta riƙa sauke bayin da jiragenta suka ƙwato a teku. Can aka sauke Samuel Ajayi Crowther yana yaro a 1822. Wani malamin mishan Bajamushe mai suna Koelle, da ya bi mutanen garin yana rubuta harsunansu, ya buga littafinsa a 1854, a ciki kuwa akwai Hausar Kano da ta Katsina, da harshen Bariba, da Boko, da Kambari. Ke nan a titunan garin da bishop ɗin ya nufa akwai mutanen ƙasashenmu na bakin Kwara, waɗanda aka kama a yaƙi ko a hanyar fatauci aka sayar. Katolika dai kaɗan ne ƙwarai a wurin, Kiristocin garin galibi 'yan Anglika ne da Metodis.

Ya fara tura mutum uku, Fada Louis Reymond, da Fada Jean-Baptiste Bresson, da Ɗan'uwa Eugene, suka isa a watan Janairu na 1859. Shi kansa ya biyo baya tare da Fada Louis Riocreux da Ɗan'uwa Gratien, jirginsu ya tsaya a gaɓar Freetown ranar 14 ga Mayu. Suka tarar annobar shawara tana cin garin, Turawa suna mutuwa kamar ƙudaje. Shugaban jirgin ya yi ta ba shi baki kada ya sauka, ya nuna masa cewa ajalinsa yake nema. Bishop ya ƙi, domin wannan ce gonar da aka danƙa masa, mutanensa kuma suna ciki. Ya sauka. Ba a yi mako uku ba ciwon ya shiga gidansu. Fada Riocreux, matashin da ya fi sa rai a kansa, ya rasu ranar 2 ga Yuni. Fada Bresson ya bi shi ranar 5. Ɗan'uwa Gratien ya rasu ranar 13. Aka sa Ɗan'uwa Eugene a jirgi aka mai da shi Faransa, shi kaɗai ne ya tsira. Annobar ba ta bambanta ɗarika ba, gama John Bowen, bishop na Anglika a garin, shi ma a cikinta ya tafi.

Saura mutum biyu, bishop da Fada Reymond, dukansu kuwa ciwon ya kama su. Fada Reymond ya lallaɓo daga shimfiɗarsa ya ba ubangidansa sakramenti na ƙarshe. Waɗanda suke wurin sun ba da labari cewa abin da aka ji a bakinsa gab da cikawa shi ne sunayen kyawawan halayen nan uku da muke koya wa yara, bangaskiya da bege da ƙauna. Ya cika ranar 25 ga Yuni, 1859, yana da shekara 45. Da aka kai shi makabarta ba firist ɗin Katolika ko ɗaya da zai iya tsayawa, sai wani limamin Furotesta ne ya yi addu'a a bakin kabarin. Wannan alheri ya kamata mu riƙa tunawa da shi duk lokacin da gardamar ɗarika ta so ta raba mu da 'yan'uwanmu Kirista a ƙauye ɗaya. Bayan kwana uku Fada Reymond ya rasu.

Wani zai ce ganganci ne, ba kuwa za mu kore maganarsa da hannu ɗaya ba. Ikilisiya ba ta koyar da cewa mutum ya jefa kansa a rijiya don ya gwada Allah, Ubangiji da kansa ya ƙi wannan lokacin da Iblis ya kai shi kan Haikali. A zamanin Bresillac ba wanda ya san sauro ne yake ɗaukar shawara daga mutum zuwa mutum, sai a 1900 aka tabbatar da haka, allurar rigakafinta kuwa sai a 1937 aka same ta. Yau da Allah ya ba mu allurar da gidan sauro, wanda ya ƙi kai 'ya'yansa rigakafi ya ce wai bangaskiya ce, ba bangaskiya yake yi ba, sakaci ne. Abin da bishop ɗin ya yi dabam ne. Mutum uku da shi ya aiko suna cikin garin. Makiyayi ba ya tsayawa a jirgi yana leƙen garkensa daga nesa, in kuwa ya yi haka, ya zama ɗan ƙodagon nan da Bisharar Yohanna ta kwatanta, wanda yakan gudu in ya hango kyarkeci.

To, mene ne mutumin nan ya dogara a kai? Ba nasara ba ce, domin bai gan ta ba. Indiya ta kuɓuce masa, Dahome an hana shi, a Saliyo bai gina majami'a ba, bai naɗa firist ɗan ƙasa ko ɗaya ba. In da ribar da ake gani da ido ce dalilin dogara ga Kristi, da Bresillac ya fi kowa hujjar sakin hannunsa. Masu tsallaka Kwara a Lolo ko a Illo sun san yadda ake zaɓen mai fito. Ba ka ba da ranka ga wanda yake tsaye a gaɓa yana ba da labarin ruwa, sai ga wanda ya san zurfinsa, ya haye ya komo. Mai Cetonmu ya shiga ruwan da muke tsoro. An ƙi shi, abokansa sun watse, aikinsa a idon mutane ya rushe a ranar Jumma'a guda, ya mutu da gaske, aka sa shi a kabarin aro. A rana ta uku ya komo da rai, manzannin da suka gan shi kuwa suka yarda a kashe su da su janye shaidarsu. Shi ya sa Kirista yake shiga jirginsa ko da ruwa ya yi baƙi.

Ban da haka, shi ne ya fara ƙaunarmu, tun muna masu zunubi, kamar yadda Manzo Bulus ya tuna wa Romawa. Wanda ya biya kuɗin fansarka tun ba ka roƙe shi ba, ba zai yashe ka a tsakiyar hanya ba. Bai kuma ruɗe mu da alkawarin ƙarya ba. Bai ce masu binsa ba za su yi ciwo ba, ko ba za su binne 'ya'yansu ba. Gicciye ya ambata tun da fari, ya yi alkawarin kasancewa tare da mu har matuƙar zamani, ya kuma ba da misalin ƙwayar hatsi wadda sai ta ruɓe a ƙasa take ba da 'ya'ya. Kowane manomin shinkafa a fadamarmu ya san wannan. Yana da buhun iri guda a ɗaki, yara suna jin yunwa, amma sai ya ɗauka ya watsa a laka. Bresillac ya ɗauki kansa a matsayin iri, ya bar maganar kaka a hannun Mai gona. Kafin ya tashi daga Faransa ma ya riga ya bar wa Fada Planque wasiyya cewa in shi ya halaka, kada a bar aikin ya halaka.

Labarin mutuwar ya isa Liyon kamar saukar aradu. Abin da ya rage na ƙungiyar bai wuce firistoci ƙalilan da 'yan makaranta ba. Fada Planque ya sanar da Roma cewa za su ci gaba, Paparoma Pius na 9 kuwa ya sa wa niyyarsu albarka. A watan Agusta na 1860 aka ba su ƙasar nan da aka hana ubansu, watau Dahome, aka sa mata iyaka daga Kogin Bolta zuwa Kogin Kwara, kogin nan namu da muke kamun kifi a cikinsa. Mutum uku suka tashi. Ɗaya, Fada Louis Edde, ya rasu a Freetown a kan hanya. Sauran biyun, Fada Francesco Borghero ɗan Italiya da Fada Francisco Fernandez ɗan Sifen, suka sauka Wida ranar 18 ga Afrilu, 1861. Daga nan aikin ya kai Legas, ya kai Lokoja a 1884, ya kai Shendam a 1907 ta hannun Fada Oswald Waller da abokansa biyu. Planque ya riƙe ƙungiyar har rasuwarsa a 1907, shi ne kuma ya kafa ƙungiyar Sistocin OLA a 1876. Kaburburan samarin da zazzaɓi ya kashe a wannan hanya suna da yawa.

Kafin Bishara ta iso mu, Turawan mulki sun riga sun raba ƙasar. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta bar Illo a hannun Ingila, ta bar dangin mutanen Illo na yamma a hannun Faransa, har yau kuwa Dendawa da Kyangawa da Bokawa suna da 'yan'uwa a kowane gefe. Ikilisiya ma ta hanyoyi biyu ta zo. A gefen Faransa, Fada Francois Faroud na SMA ya kafa mishan a Yamai a 1931, aka yanki yankin Parakou a 1948, daga cikinsa kuma aka fitar da Dayosis na Kandi a 1994. A gefenmu, daga Kaduna aka yanki yankin Sakkwato a 1953 aka danƙa wa Fada-fadan Dominikan na Amurka, ya zama dayosis a 1964. A 1995 aka kafa yankin Kontagora ƙarƙashin Fada Timothy Carroll na SMA, ya zama dayosis a 2020. Wanda ya je Misa a Segbana zai ji Faransanci, mu nan Hausa da Turanci, amma tushen ɗaya ne.

Burin nan da ya jawo masa baƙin jini a Indiya shi ma ya cika, ko da yake ya ɗauki lokaci fiye da yadda zai so. A 1920 aka naɗa Fada Paul Emecete a Asaba, firist na farko ɗan Nijeriya a wannan zamani. A 1928 aka naɗa Fada Thomas Moulero, na farko a Dahome. Ɗan ƙasar Benin, Bernardin Gantin, ya zama Babban Bishop na Kwatano a 1960, ya zama kadinal a 1977, ya yi shekaru yana shugabantar ofishin da yake kula da naɗin bishop-bishop a Roma. Mu firistocin da muke tsayawa a gaban bagadi muna miƙa hadaya da harshen da muka sha a nono, amsar addu'ar wannan mutum ce, ko mun sani ko ba mu sani ba. Iyayen da suke hana ɗansu shiga makarantar firistoci domin shi ne ɗan fari, su tuna Melchior ma ɗan fari ne.

Ba mu manta da halin da muke ciki ba. A watan Nuwamba na 2025 'yan bindiga suka shiga makarantar St. Mary ta Papiri, a ƙasar Agwara, can ƙasa da mu in an bi kogi, makarantar da Sistocin OLA suke kula da ita a lokacin, suka kwashe yara da malamai fiye da ɗari biyu. Allah ya ji kukan iyaye, aka sako su kafin Kirsimeti. Amma mun san gidajen da aka ɗauki nasu ba su komo ba, mun san katakis da yake tafiya ƙauye ranar Lahadi matarsa ba ta da tabbacin dawowarsa. Waɗannan ba za mu ce musu bangaskiya laya ce mai hana harsashi ba, gama ba ta hana shawara kama Bresillac ba. Abin da za mu iya nuna musu shi ne kaburbura biyar na Freetown, waɗanda a watan Yuni na 1859 kowa ya ɗauka ƙarshen magana ke nan, sa'an nan mu nuna musu majami'ar da suke zaune a ciki.

A 1928 aka ɗauke ƙasusuwansa daga Freetown aka kai Liyon, inda suke kwance a ɗakin sujada na gidan ƙungiyar. Ikilisiya ta binciki rayuwarsa da rubuce-rubucensa shekaru da dama, a watan Mayu na 2020 kuma Paparoma Francis ya amince cewa ya riƙe kyawawan halaye na Kirista da jaruntaka, aka ba shi laƙabin Mai Daraja. Kafin a kira shi Mai Albarka ana bukatar mu'ujiza guda wadda Ikilisiya ta bincika ta tabbatar. Duk wanda ya roƙi Allah wata alfarma ta wurin roƙon wannan bawa nasa, ya kuma ga an biya masa bukata, sai ya sanar da Fadan majami'arsa domin a rubuta a aika wa Fada-fadan SMA.